Ramin da Yadira Ta Nuna da Baki

Bogotá, Alhamis, 10 ga Satumba

Baba,

Ina neman albarka. Da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Herminia da duk mutanen gidan wasanka na biliyad. Tunda kunnenka ba ya jin waya, zan riƙa ba direban motar San Gil wasiƙa.

Yaya Yadira ta ci wasanta na farko! Tara da biyar. Ka yi haƙuri da rubutun, a gaggauce nake yi.

Ga yadda gasar take. 'Yan wasa sittin da huɗu ne, ita kaɗai ce mace. Wanda aka doke sau ɗaya ya tafi gida. Takwas ɗin ƙarshe ne za a ba katin ƙwararru, kuma da wannan katin kaɗai za ta iya shiga gasar maza baɗi. Wato sai ta ci wasa uku a jere. Ƙwallo goma masu lamba ake zubawa a kan tebur, wanda ya jefa ta goman a rami ya ci zubin, wanda ya fara cin zubi tara ya ci wasan. Na karanta dokokin sau uku.

Na kuma yi lissafi irin wanda aka koya mana a jami'a. Bugunta na fasa ƙwallaye bai kai na mazan ƙarfi ba, amma ta fi yawancinsu iya ajiye farar ƙwallo, wadda ake bugawa da sanda, inda take so. Na samu cewa damarta goma sha ɗaya ce cikin ɗari. Da na gaya mata sai ta ce, "Eliécer, riƙe min rigar sanyi, ka kuma riƙe bakinka."

Idan ta ci gobe, jibi mai yiwuwa ta haɗu da Wilfrido Cantillo na Barranquilla, wanda ake kira Kada. Ya zo wucewa ta gabanmu ya ce, "Sarauniya, wannan fa sanda ce, ba ludayi ba." Ta ce, "Zauna kusa, ka ga yadda nake zuba miya." Ni ban yi dariya ba. Shekara huɗu ba a fitar da shi kafin takwas ɗin ƙarshe ba.

Ɗanka mai biyayya,
Eliécer

San Gil, Juma'a

Malam mai digiri,

Allah ya yi muku albarka. Muna lafiya, sai gwiwa.

Goma sha ɗaya cikin ɗari! Shekara biyar na tura ka makaranta don ka koyo yadda ake tsorata 'yar'uwa? Yarinyar nan a kan akwatin lemo ta fara wasa don hannunta ya kai tebur. Tana da shekara sha huɗu ta doke mahauci Don Efraín, har yau idan ya gan ta sai ya tsallaka titi.

Na karanta wasiƙarka a gidan wasa da ƙarfi. Yau ko tebur ɗaya babu wanda ya buga da hankalinsa. Gwaggonku ta kunna kyandir a coci, ita da ta ce wasan 'yan zaman banza ne.

Ga ƙullin soyayyun manyan tururuwan da muke ci a garinmu nan, ta ci. Kai kuma ka sha ruwa ka zauna. Ka ce mata teburan birni santsi gare su, ta rage ƙarfi.

Ubanku,
Argemiro

Bogotá, Asabar, 12 ga Satumba

Baba,

Albarka. Ka zauna kafin ka karanta, kuma kada ka tsallaka zuwa ƙarshe.

Jiya ta ci tara da bakwai. Yau da ƙarfe biyu na rana ta haɗu da Kada. Ya yi gaba shida da biyu, na fita waje sau biyu. Da na dawo na tarar ta ci huɗu a jere. Aka kai takwas da takwas, saura zubi ɗaya.

Ta share teburin har saura ta goma. Amma hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce, sai ƙwallon ta bugi gefe ta dawo ramin tsakiya. A irin wannan bugun doka ta ce dole a faɗi ramin, ko a nuna shi da sanda. Yaya ta dubi ramin, ta turo baki ta nuna shi, kamar yadda kake nuna wa mutum inda alli yake. Ta buga. Ƙwallon ta faɗa!

Na riga na hau kujera ina ihu sai na ga alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Baƙo ne, daga Turai aka ɗauko shi. Ya ce ba ta faɗi rami ba.

Yaya ta ce, "Na nuna mana!"

Ya ce, "Da me?"

Baba, mutum ya fi ɗari biyu a zauren nan, kuma kusan kowa ya turo baki wajen ramin don ya gwada masa. Bawan Allah ya tsaya yana kallonmu kamar mun haukace. Ya buɗe littafinsa ya ce babu leɓe a ciki. Gaskiyarsa ce. Sau uku na karanta wannan layin, ban taɓa tunanin in ja mata kunne ba, don ni ma a wurina turo baki faɗin rami ne.

Aka mayar da ta goma kan tebur. Doka ta ba Kada zaɓi: ya buga, ko ya mayar mata da bugun. Farar ƙwallo ta manne da gefe can ɗaya ƙarshen. Ya zagaya teburin sau biyu yana shafa wa sandarsa alli. Wani ya yi ihu daga baya, "Kada, kai ma ka gani!"

Ya ce, "Na gani mana, ni makaho ne?" Sai ya koma kujerarsa. "Buga, Sarauniya. Kar ki ce tausayi ne. Bugun ne ba ya ciyuwa."

Yaya ta matsa kusa da alƙalin, ta ɗaga murya har masu sayar da kofi a ƙofa suka juyo: "Ta goma! Ramin kusurwar dama! Ka ji, ko in rubuta maka?"

Ta sunkuya. Na ƙirga daƙiƙa tara. Ƙwallon ta tafi a hankali, ta taɓa bakin ramin, ta yi kamar za ta tsaya, ta faɗa.

Tana cikin takwas ɗin ƙarshe, Baba! Katin yana aljihuna, ta ce ni ba na yar da takarda. Kada ya ba ta hannu, ya ce baɗi ba zai mayar mata da komai ba. Gobe tana da wasa da ƙarfe goma. Ban yi lissafi ba.

Ɗanka,
Eliécer

San Gil, Lahadi

Yarana,

Allah ya yi muku albarka. Laifina ne, a wurina ta koyi nuni da baki.

Na liƙa takarda a bango: daga yau kowa ya faɗi raminsa da harshe. Ko awa ɗaya dokar ba ta yi ba, kuma ni na fara karya ta.

Ko ta ci yau ko ba ta ci ba, ku hau motar Litinin. Don Efraín ya ce shi zai kawo naman walima.

Ubanku,
Argemiro