Gurbin Kalangun Kawu

Assalamu alaikum, Yaya Tayyiba.

Ya Inna da mutanen Illela? Ina nan Legas lahiya lau. Har yanzu sutudiyon da nike haɗa waƙoƙina nike kwana, amma kada Inna ta ji.

Jiya na shiga shagon kayan kiɗa, kuɗina ba su isa biyu ba, dole in zaɓi ɗaya: fiyano ko injin ganga. Mai shago ya kunna man injin, bugunshi bai kuskure ko sau guda. Shi ya hana ni saye. Kawu Maharazu yakan ɗan jinkirta hannu in zai kira sunan mutum da kalangu, inji bai san wannan ba. Fiyano na ɗauko, kuma hankalina kwance.

Don Allah ki naɗo man kiɗan Kawu a waya, nesa da zakaran nan naku mai yawan cara. Na bar mashi gurbi cikin kowace waƙa.

Allah shi tsare ku.
Ƙaninki, Muntasir.