Soron Babana Ba Na Kallo Ba Ne

Da sunan Allah. Ni Alhaji Tsoho Magini, mazaunin unguwar Highbridge a ƙasar waje, na rubuta wa 'ya'yana wannan wasiyya cikin Sha'aban na 1998, hankalina garau. Ciwon a hanta yake, bai hau kaina ba. Kada wani ya ce magani ne ke magana.

Na ɗaya. Shagona na titin Fordham Road, da na tayar daga teburin agoguna ba da taimakon kowa ba, a raba shi yadda shari'a ta ce.

Na biyu, gidanmu na birnin Zariya, inda ƙanwata, gwaggonku Balki, take zaune. Umar Farouk ɗana, na san ka shirya da kamfanin nan mai yawo da Turawa: su riƙa shigo da baƙi kallon zanen soron da babana ya yi da hannunsa, bisa sharaɗin kada a canja komai. Ban yarda ba.

Kai ka yi digiri, ni sakandare na tsaya, amma na ga abin da ba ka gani ba. Bara na raka Mista Hu, mai ba ni kaya, ƙauyensu a ƙasar Sin. Gidajen ƙasa ne kamar namu, tsofaffi, masu kyau. A bakin gari aka tare mu, sai da Hu ya yi rantse-rantse cewa nan aka yanke cibiyarsa kafin a bar shi ya wuce ba tikiti. Mun iske uwarsa zaune a ƙofa ana ta ɗaukar ta hoto. Tagarta ta ruɓe, an hana ta sa sabuwa, wai za ta ɓata tarihi.

Na uku. Ɗakin Balki yana yoyo. Kafin damina a buga masa kwano. Na san zai ɓata kyan gidan. A buga.

Na huɗu. Umar Farouk, ƙanwarka Khairunnisa ce ta gaya mini shirinka, shi ya sa ka daina amsa wayarta. Ni na matsa mata. Kai ne babba, ka je unguwar Morrisania har ɗakinta kafin a ɗauki gawata.

Baƙo in ya yi sallama a soron nan, a ba shi ruwa da tabarma, ko daga ina ya fito. Kada a karɓi komai a hannunsa.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙe juna, ku riƙe Balki. Ginin ƙasa, ko an lallaɓa shi, ƙasa zai koma. Gwaggonku kuwa tana da rai, kuma ruwa na zubo mata.