Layar Ƙirjinka

Zuwa ga Yaya Mamman,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah ya sanyaya makwancinka. Ni dai tun da aka binne ka ban zauna wuri ɗaya ba.

Dogo, abokin farautarka, yana gidan yari a nan Kwantagora. An ce shi ya harbe ka. Shi kuwa ya rantse kun rabu a daji, can ya ji ƙara, ya zaci nama ka samu. In ba a sami shaida ba, rataye shi za a yi.

Sai da ungulaye suka nuna inda kake, a kurmin bayan Sahon Rami. Damina ce, Yaya. Da ƙyar na gane ka.

Likitan Turawa ya zo da tafinta, ya toshe hanci ya duba ka. Ya ce in bindiga ta tashi dab da mutum, albarushi yakan bar baƙin ɗigo-ɗigo a fata da tufa, in daga nesa ne ba ya bari. Fatar ta riga ta lalace, ya ce a kawo rigarka.

Ka san Inna. Ta riga ta kai rigar rafi ta wanke tas da sabulun salo, wai ba a ba da tufar mamaci sadaka da datti. Likita ya juya ta ƙarƙashin gilashinsa, ya girgiza kai. Na ji kamar in yi ihu, amma wa zan yi wa faɗa?

Kai ma kana da laifi. Sau nawa na gan ka kana ɗura bindiga bakinta na kallon ƙirjinka? In na yi magana ka daki layarka ka ce, "Ƙarfe ba ya cina."

Ɗazu na shiga ɗakin Inna, na ga layar da aka cire daga ƙirjinka a rataye. Ita ba a wanke ba, don ba a sa wa rubutu ruwa. Na fito da ita rana. Fatarta ta babbake, duk ga baƙin ɗigo kamar an barbaɗa toka. Ban sani ba ko shi ne abin da likita yake nema.

Inna ta ce sunan Allah ba zai shiga hannun Nasara ba. Matar Dogo kuwa kullum tana ƙofar gidan yari da ƙwaryar tuwo. Ka ci tuwon nan, ka sani.

Ga layar a aljihuna, zan nufi asibiti. Ka yafe mini, ka bar ni da Inna. Layar ba ta tsare ka ba, Yaya, wataƙila ta tsare Dogo.

Allah ya jiƙan ka, ya bayyana gaskiya tun igiya ba ta hau wuya ba.

Ƙanenka mai kewarka,
Audu