Ƙarfen da na warware daga bayan Kafaran

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili, da duk wanda takardar nan za ta faɗa hannunsa. Allah ya sa na same ku lafiya, ku da iyalanku. Roƙona kafin in fara: kada a sa sunana, kuma don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini. Na san wasu za su ce wannan mutum ba ya tsoron Allah. Ina tsoronsa, tsoron ne ma ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban iya boko ba sai bara waccan a ajin yaƙi da jahilci. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, hannu ne da ya saba da aska.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, a wani ƙauye cikin duwatsu tsakanin Dewule da Allakai, ƙasar Buza. Ina da aboki, tare aka yi mana kaciya, mahaifina ne ma ya yi mana. Faransawa suka ɗauke shi soja ya daɗe a can, kowa Kafaran yake ce masa, wato kofur, ni ma haka zan kira shi. 'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, kamyon, babbar motar da suke ciki, ya kife, ƙashin bayansa ya karye, aka kai shi wani asibiti a Faransa. Ya dawo mana da ƙafafunsa, yana tafiya a miƙe sak, da akwatin ƙarfe, da wani dogon tabo tun daga tsakanin kafaɗu har kugu. In an tambaye shi me Nasara suka yi masa, sai ya yi dariya ya ce, "Ni dai sun shaƙa min wani abu na yi kwana, na falka na ishe sun ɗumke ni kamar buhu." Faransancinsa na bariki ne, na zo da tafi da tsaya. Abin da likitoci suka yi ta faɗa a kansa bai kama ba, kuma ba wanda ya zauna ya fassara masa.

Damina ta biyu da dawowarsa ya ce shi sai ya yi noma kamar kowa. Taurin kai gare shi tun muna yara. Ya rame, bayan nasa ya dinga damunsa, ranar nan ya aiko aka kira ni, ya ce, "Wanzam, taho ka aza min ƙaho, mataccen jini ne ya taru." Da hantsi ne, ƙarƙashin aduwar ƙofar gidansa, dattawa na zaune suna hira. Ya kwanta rub da ciki, ina shafa wurin da zan tsaga, sai yatsana ya ci karo da wani abu mai tauri gab da tabon, ƙarƙashin fata, girman ƙwallon magarya. Na danna, ya yi ƙara. Me ya hana ni in tsaya nan? Me ya hana in ce masa mu tafi Buza a duba? Girman kai, ba wani abu ba. Mutane na kallo, ni kuma ɗan gado ne, ban taɓa cewa ban sani ba a gaban jama'a. Na sa aska na tsaga, na share jini, sai ga ƙarfe yana ƙyalli. Na kama shi da hantsaki na ja, ya ƙi. Na murɗa, sai ya juya. Na yi ta murɗawa, Kafaran na cizon hannun rigarsa, har abin ya faɗo tafin hannuna: ɗan ƙarfe mai kusurwa shida da rami a tsakiya.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da na leƙa cikin tsagar, na ga kan wani ƙarfen, siriri mai zare-zare, ya nutse cikin nama, shi ne wanda na warware wannan daga jikinsa. A take gabana ya faɗi, zuciyata ta ce mini wannan aikin hannu ne, wani ya ɗaura shi da gangan. Amma kafin in buɗe baki wani dattijo ya miƙe yana salati, "La'ilaha illallahu, jifa ce! An jefe shi, Wanzam ya hidda ta!" Kun san yadda muke, allura ko ƙusa in ta fito daga jikin mutum, to maƙiyi ne ya turo ta daga nesa. Mata suka fito suna guɗa, aka yi ta sa mini albarka, ni kuwa na danna auduga a kan abin da na gani na ɗaure. Daɗi na ji, wallahi daɗi na ji, kunyar faɗin haka kamar ta kashe ni.

Ƙarfen ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, har wani ya juya shi ya ce, "Af, ai wanga irin na ƙafar keke ne." Duk ƙauyenmu mutum ɗaya ke da keke, shi ne kuma ke gyaran na mutane ran kasuwar Madawa: Idi, ƙanen Kafaran, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe gonar fadama duk shekarun da wansa ke soja, kuma kowa ya san sun ɗan yi sa-in-sa a kan iyaka. Ba wanda ya ambaci sunansa a wurin, amma kafin la'asar ko yara sun sani. Washegari Idi ya same ni ina wasa aska, idanunsa jawur, ya durƙusa ya ce, "Yaya Wanzam, kai ka san ni tun ina goye. Kai ma ka yarda ni ka iya yi ma ɗan'uwana hakanga?" Na ƙi kallonsa, na ce, "Ni dai abin da na gani na hidda." Aka daina amsa sallamarsa, aka daina cin tuwo da shi, matarsa in ta je rijiya sai mata su janye tulunansu. Kafin kaka ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Ibohaman. Ni kuwa suna ya tafi, har daga ƙasar Keita ake zuwa wai in duba ko an jefi mutum.

Tsagar ba ta warke ba, sai ruwa take yi. Lokacin ɗaurin gero Kafaran ya sunkuya zai ɗaga dami, ya ce ya ji wani abu ya yi ƙas a bayansa, ya zube nan. Ƙafafun suka mutu, zazzaɓi ya rufe shi. Mutane suka ce Idi ne ya sake turowa. Muka ɗora shi a gadon kara, mu huɗu, har dispansar ta Buza, ƙaramin asibiti. Anfirme, ma'aikacin jinyar da ke wurin, ya ce a kawo takardunsa na soja, matarsa ta miƙo wata babbar ambulan da ta ciro daga akwatin, ta koma waje ta zauna wurin sauran masu ɗauko shi. Kafaran bai san inda kansa yake ba, saboda haka ni kaɗai ne a tsaye. Mutumin ya zaro wani baƙin hoto ya ɗaga shi wajen taga, sai ga ƙashin bayan abokina, ga sanduna biyu na ƙarfe a kwance gefe da gefe. Ya bi da yatsa yana nuna mini: waɗannan ƙugiyoyi ne da suka maƙale ƙashi, su ke riƙe sandunan, waɗannan ƙananan kuma su ake murɗawa a datse ƙugiya don kada ta zame. Ƙananan nan, jama'a, kusurwa shida gare su. Ya karanta takardar ya ce an rubuta kada a yanka wurin, kada ya ɗauki kaya mai nauyi. Sannan ya buɗe ɗaurin, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, wa ya taɓa nan?" Na ce, "Ƙurji ne, ya fashe da kansa."

Ya wanke ciwon, ya yi masa allura, ya ce maganar ƙafafu sai Yamai, kuma a yi sauri. Shi a ranar zai fita daji yin lamba, rigakafin ciwon agana, sai ya damƙa mini amana: in ya farfaɗo in gaya masa akwai ƙarfen likita a jikinsa, wani abu ya kwance, a kai shi. Bayan kwana uku Kafaran ya buɗe ido. Na ce masa an ce Yamai, iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya ce, "Ciwon jifa ina ruwanshi da lokotoron asibiti? Maishe ni gida in mutu ɗakina." Kalma nawa ce za ta juya shi? Ban faɗe ta ba. Na tuna guɗar matan nan, na tuna sunan mahaifina, na tuna za a ce wanzamin gari ne ya gurgunta mutum. Muka ɗauko shi, ni da hannuna na mayar da ambulan ƙasan akwati.

Yau shekara uku yana kwance. Ban sani ba ko da an kai shi da ya tashi, wannan tambayar ita ke cin raina, abinci ma ba ya mini daɗi. Ni ke masa aski, ni ke juya shi in matarsa ta gaji, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya nuna ni ya ce, "Ba don wanga ba da tuni na ruɓe." Ina jin haka in yi murmushi. Wane irin mutum ne ni?

Watan jiya Inna, mahaifiyarsu, ta rasu, har ta cika tana kiran sunan Idi. Ya taho tun daga Ibohaman a ƙasa, Kafaran ya rantse daga kwance cewa ba zai taka masa gida ba. Na gan shi tsaye a bayan danga, takalmansa a hannu, babban mutum yana kuka kamar yaro, ana karɓar gaisuwar uwarsa ba shi. Daga nan bai koma gida ba, wurin sarki ya wuce ya kai ƙara, ya ce a wanke shi ko a kama shi da laifi, ya gaji. Sarki ya yanke cewa wanzamin da ya fitar da abin shi zai dafa Alƙur'ani, ranar Juma'a ta sama bayan an sauko masallaci, ya faɗi abin da ya fitar da abin da ya sani a kai.

Jiya Kafaran ya riƙe hannuna da hannun nan nasa da ya bushe, ya ce, "Wanzam, uwata ta tahi, ƙane kuwa ba ni da shi. Kai ɗai ka rage min. Ka tahi ka hwaɗi gaskiya, kada ka ji kunyar kowa." Na fito na zauna bayan rumbu, na yi kukan da ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu.

In na dafa Littafi na ce jifa ce, na san abin da ke jirana, kuma Idi ya tafi ke nan har abada da tabon da ba nasa ba. In na faɗi gaskiya, ba aska ko suna nake ji ba yanzu, wallahi su tafi. Fuskarsa nake ji, sa'ad da za a shiga a gaya masa cewa wanda ya raba shi da ƙafafunsa, ya raba shi da ɗan'uwansa, ya hana uwarsu ganin ɗanta, shi ne mutum ɗayan da ya ce ya rage masa. Shin in fara shiga in gaya masa da bakina, ko in bari ya ji daga fada? Mutumin da ke kwance haka, zai iya ɗaukar wannan kuwa?

Malamai, iyaye, 'yan'uwa, Juma'ar ba ta da nisa. Don Allah, me zan yi?