Garkar Bernard da gurbin Baba

Assalamu alaikum Baba, tare da gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fata kuna cikin rahamar Ubangiji a makwancinku.

Bayan haka, akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. Aikin biro, wato na ofis, da aka ba ni a Paris, na ƙi shi. Na zauna a garka.

Garkar wani tsohon gidan masu sarauta ce a bayan Lyon, an mai da gidan otal. Na zo sitaj, wato koyon aiki, na wata uku kan harkar ban ruwa, ga shi ban tafi ba. Kai, Baba, da kun gani! Itatuwa a jere tun daga ƙofa, sun girmi kakan kakanku. Ana aske shinge kamar kan ango. An kwantar da rassan itatuwan marmari a jikin katanga, kowanne da igiyarsa. Furannin kuwa ba a miya da ko ɗaya, na san da kun yi tsaki, amma da kun tsaya kallo.

Satina na farko na tafka abin kunya. Aka ba ni dashe goma, na zagaye gindin kowanne da gurbin ruwa, yadda kuke yi wa mangwaro a Mirriya. Tsoho Bernard, shugaban garkar, ya kama kai, wai na ɓata masa shimfiɗar ciyawa. Bai rushe ba dai.

Da zafi ya tsananta aka hana jan tiyo, sai bokiti. Dashen wasu suka bushe, nawa ko ganye bai faɗi ba. Bernard ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya shafa gurbin, ya tambaye ni a wace makaranta na koyi wannan.

Baba, ku gafarce ni. Duk zamana a jami'a a Villeurbanne cewa nake ku ɗan kasuwa ne. Kunyar garkarku nake ji, garkar da ta kai ni lakwal, ta biya mini kuɗin karatu. Ran nan na buɗe baki na ce babana mai garka ne, bai taɓa shiga aji ba. Na faɗi sunanku sau biyu don ya riƙe, sannan na shige bayan shinge na sha kuka.

Allah Ya jiƙan ku, Ya sanyaya makwanci, Ya ba ku inuwa a Aljanna.

Taku har kullum,
Rakiya, 'yar Malam Idi mai garka