Alwatika a Kife

Litinin, 4 ga Mayu

"Ranki ya daɗe, ashe ke ce kika rubuta shi? Ke da kanki?" Haka Malamar aji uku ta tare ni tun ban ajiye jaka ba, ta riƙe hannuna da hannu biyu. Dattijuwa ce, ta kusa haifata, gefen mayafinta duk garin alli. Na ce ni ce. Me zan ce? Sunana ne a bangon littafin lissafin shekara bakwai ke nan, kuma ofis ne ya turo ni in ga yadda ake aiki da shi kafin a yi bugu na huɗu. Yawon shan yabo dai, in za a faɗi gaskiya. Har takalmin nan mai matse ni na sa.

Yara arba'in da wani abu, uku-uku a benci, taga ɗaya ta ƙi rufuwa. Malama ta yanka siffofi da kwalin sabulu ta shafa musu fenti: da'ira ja, murabba'i shuɗi, alwatika rawaya, kowanne a ledarsa. Hedimasta ya zauna kusa da ni a baya yana kaɗa makullin mota.

Ta ɗaga alwatika, suka amsa da murya ɗaya. Har da waƙa: su haɗa hannuwa a saman kai su yi tsini, su buga ƙafa a ƙasa. Na rubuta "darasi mai rai" a takardata.

Sai ta miƙo mini kwalin, wai in tambaye su da bakina su samu albarka. Ya suɓuce mini ya faɗi. Na ɗauka na ɗaga shi yadda ya zo hannuna, tsinin yana kallon ƙasa, na ce mene ne wannan?

Suka tsaya suna kallona kamar na ɗago musu mushen kifi. Wani ya ce kwali ne. Wata can a bencin ƙarshe ta ce alwatika ce, ƙasa-ƙasa, ajin ya kwashe da dariya. Malama ta ce, "Kin fara ko, 'yar tela?" Sannan ta karɓi kwalin daga hannuna cikin ladabi, ta juya shi, ta mayar mini. "Yanzu ta zama, ranki ya daɗe."

Yanzu ta zama!

Na gwada murabba'i, na karkata shi ya tsaya a kan kusurwa ɗaya. Wai ba murabba'i ba ne. Malama kuwa tana murmushi, tana zaton tarko na ɗana musu kuma sun tsallake.

Ban san lokacin da makullin Hedimasta ya daina kaɗawa ba.

Talata, 5 ga Mayu

Hedimasta ya biyo ni har ofis. Wai shi dama ya daɗe da sani, matar ta gaji, zamani ya wuce ta. Ya rubuta takarda a cire ta daga aji a mayar da ita sito, ta riƙa rabon alli da tsintsiya har shekara ukun da suka rage mata su cika. Takardar ba ta tafiya sai da rahotona a bayanta. Ya ce ba ya neman in ƙara komai, in rubuta abin da idona ya gani kawai.

Na rubuta bayan ya tafi. Shafi ɗaya da rabi, babu kalmar zagi ko ɗaya, kuma babu ƙarya ko ɗaya. Na iya irin wannan rubutun, mutum ya karanta ya yi godiya, sai ya isa gida ya ga jini. Sa hannu kawai ya rage.

Abu ɗaya ban sa ba don ban san inda zan sa shi ba. A bayan kowane kwali ta zana kibiya da biro, ta rubuta SAMA. Don kada yaro ya riƙe shi ba daidai ba. Kowane ɗaya, har da da'ira.

Laraba, 6 ga Mayu

Shekara ashirin da shida tana koyarwa ba ta san alwatika ba. Na faɗa wa mutum huɗu yau, kowa ya riƙe baki, na ji daɗi.

Alhamis, 7 ga Mayu

Da la'asar ina ba Baban Auta labarin, ina kwaikwayon muryarta, yana dariya har da ƙwarewa da shayi. Don in nuna masa yadda abin ya faru sai na yanka kwalin shayin, na kira Auta. Aji uku take ita ma, a makarantar da muka zaɓa mata bayan mun raina guda biyar. Na ɗaga a kife.

Ta leƙa ta nan, ta leƙa ta can. Ta ce, "Mama, ai ta faɗi. Ki zaunar da ita tukuna in gaya miki."

Baban Auta ya ce to fa, 'yar marubuciya. Ya so ya ci gaba da dariya, ya kalli fuskata, ya tuna yana da aiki a waje.

Na ce wa ya koya miki haka? Ta ce ba kowa, haka take a littafi. Ta ɗauko shi daga jakarta, ga sunana an lulluɓe da leda.

Na zauna a teburin cin abinci na ƙirga. Alwatika sittin da uku, daga bango zuwa bango. Duk a zaune, gindi a ƙasa, tsini a sama, kamar an jera su za a ɗauke su hoto. Babu siririya, babu mai jingina, babu ko ɗaya da ta kishingiɗa. Murabba'i arba'in da ɗaya, duk sun miƙe tsaf. Na sake ƙirgawa ko zan samu guda da ta yi mini tawaye. Babu.

Sannan jagoran malami, shafi na goma sha bakwai: "A nuna wa yara cewa alwatika tana zaune a kan gindinta, tsininta yana kallon sama." Waƙar da suka yi mini ran Litinin ke nan, kalma da kalma. Ta sa mata kiɗa ne kawai.

Na daɗe ina kallon shafin har Auta ta tambaya ko ita ce ta faɗi ba daidai ba.

Juma'a, 8 ga Mayu

Na tuna yadda aka yi. Ban daɗe da gama digiri na biyu ba, ana jiran littafi cikin sati shida. Na danna siffar alwatika a kwamfuta, ta fito a zaune, na yi ta kwafa ina mannawa. Jimlar shafi na sha bakwai kuwa, nufina a sauƙaƙa wa yaro zane a karon farko. Ban rubuta "a karon farko" ba. A kaina yake, ai kowa ya sani.

Kwamiti ya duba, mutum tara, uku daga ciki daktoci. Sun yi gardamar awa biyu a kan launin bango.

Makarantu nawa ne? Ba na son in yi wannan lissafin. Ni da na karanta lissafi.

Asabar, 9 ga Mayu

Rahoton yana nan a jaka. Har yanzu babu ƙarya a cikinsa, abin da ke ba ni haushi ke nan. Malami ai ya kamata ya fi littafi sani. Na faɗa wa madubi haka sau biyu.

Litinin, 11 ga Mayu

Na koma makarantar lokacin hutun tara, ba tare da na sanar da Hedimasta ba. Na same ta ita kaɗai a aji tana manna kusurwar wani kwali da ta ɓare. Ta miƙe za ta ba ni kujerarta. Ta san da maganar sito, an riga an gaya mata a ɗakin malamai, amma ta ce ba ta damu ba tunda mai littafin da kanta ta ga aikinta.

Na gwammace a mare ni.

Na ɗauki alwatika ɗaya na ajiye a teburi, na ce ta ƙirga gefe. Uku. Kusurwa. Uku. Na juya ta, na ce ta sake ƙirgawa. Ba ta ƙirga ba. Ta daɗe tana kallon kwalin, sannan ta buɗe aljihun tebur ta ciro jagoran, duk ya yi laushi don amfani, ya buɗe da kansa a shafi na sha bakwai. Ta ja layi ja a ƙarƙashin jimlar. Na ce kuskure ne, kuma nawa ne.

Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa. Abin da ta ce shi ne, "Kafin littafinki ya zo, da guntayen yadi nake koya musu, duk yadda suka faɗo. Shekarar farko na ga abin bai kwanta mini ba. Sai na ce wace ce ni da zan ja da masu digiri."

Ta ɗauko littafin maki ta nuna mini layin 'yar tela. Sifiri, sifiri, biyu, sifiri. Yarinyar tana zama a shagon ubanta bayan makaranta, tana ganin yadi yana faɗowa daga almakashi ta kowace fuska, shi ya sa ta ƙi yarda. Sau uku Malama ta sa ta durƙusa don taurin kai. Ta ce bara ma akwai wasu biyu irinta, bara waccan akwai ɗaya. Ta san sunayensu duka. Ta yi ta jero su tana kallon allo, ni ina tsaye da takalmina mai matsi.

Da aka kaɗa ƙararrawa ta ce in yi haƙuri, yara za su shigo. Ba ta ce ranki ya daɗe ba. Ba ta raka ni ba.

Talata, 12 ga Mayu

Na yaga rahoton farko. Na biyu ya ɗauke ni yini guda, kuma bai kai na farko kyau ba. Ashe ban iya rubuta "ni" ba, sai "an lura cewa". Sau shida na goge "an" na sa "na".

Na rubuta cewa malamar ta koyar da abin da ke cikin jagora daidai, ba ragi ba ƙari, da kayan aikin da ta haɗa da hannunta. Na sa lambar shafi. Na sa sittin da uku. Na ce ban ga dalilin cire ta daga aji ba, sai dai in za a fara da wadda ta rubuta shafin.

Laraba, 13 ga Mayu

Daraktan ofishinmu ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya tambaya ko wani ya gani ban da shi. Ya ce ai ana iya gyara shafin shiru a bugu na huɗu, a karkata 'yan alwatika biyar-shida, ba wanda zai lura, ni kuma in rubuta wa Hedimasta abin da yake so kowa ya huta. Ya tuna mini cewa sunana yana cikin waɗanda za a yi wa ƙarin girma a ƙarshen shekara, kuma kwamiti ba ya son a tuna masa ya sa hannu a kan abu.

"Kin san abin da kike ja wa kanki?"

Na ce na riga na aika wa Hedimasta kwafi da safe. Gaskiya ne. Na aika ne da wuri don na san kaina, in na shiga ofishin nan da shi a jaka, da shi zan fito.

An dakatar da bugun. An ce za a kafa sabon kwamiti, ba a ce ina ciki ba.

Alhamis, 14 ga Mayu

Hedimasta ya bugo waya sau uku. Na ukun na ɗauka. Wai na ba shi mamaki. Na ce ni ma.

Juma'a, 15 ga Mayu

Auta ta bi gidan nan kaf tana neman alwatika a kife. Ta samu a ƙarfen taga, ta samu a wuyan rigar babanta. Malaminta ya ce mata ba haka yake a littafi ba, ta ce masa mamanta ta ce littafin ya yi ƙarya. Sai na je can ma ke nan.

Litinin, 18 ga Mayu

Ba wai na je don wani abu ba. Hanya ce ta biyo da ni, kuma akwai kwalaye a bayan mota da suka tare mini wuri, da sabon almakashi da ban san abin da zan yi da shi ba.

Maigadi ya ce takardar sito ta mutu, Malama tana ajinta. Tun daga baranda nake jin hayaniya, ba irin ta waƙa ba. Ƙofa a buɗe. An tura duk bencinan jikin bango, Malama ta tsaya a tsakiya da ledar siffofi, ta zazzage su a ƙasa gaba ɗaya, kowanne ya faɗi yadda ya ga dama. Ta yanka sababbi, wasu dogaye kamar wuƙa, wasu a karkace. Tsofaffin kuma ta shafe kibiyar bayansu da fenti. Yara a tsugune suna ƙirga gefe da yatsa, suna musu. 'Yar tela ce ke raba gardama, hannu a ƙugu, ta cika ta batse. Malama za ta yi fama da wannan nan gaba, na san irin cikar.

Malama ta hango ni. Ta zo bakin ƙofa, ta dubi kwalayen da na rungumo, ta shafa ɗaya ta ce ya yi laushi, na sabulu ya fi, amma za a yi maneji. Ta karɓa. Ta karɓi almakashin ma. Na tsaya ina jiran ta ce in shigo, da 'yar jimlar da na shirya tun a mota.

Ta ce, "'Yata, muna tsakiyar aiki. Ran Alhamis muke murabba'i. In za ki zo, ki zo da takalmin da za ki iya tsugunawa."

Ta ja ƙofar ta rufe, sai da ta sa kafaɗa don ƙofar tana cijewa. Na ɗan tsaya ina jin wani yana rantsuwa cewa tasa gefe huɗu gare ta. Sannan na sauka daga barandar na nufi mota.

Ran Alhamis akwai taro a ofis. Ba na jin za su lura ba na nan.