Hantar Jiya da Aka Shafa wa Jinin Yau

Zuwa ga Sarkin Fawan kasuwar garinmu, da dattawan mahauta da ke tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi wa Sarki barka da aiki. Allah ya ja zamaninka, ya sa albarka a sana'ar da kuka gada.

Sunana Lawali, ɗan Malam Garba na bayan masallacin Juma'a. Bana na gama karatu a Sakkwato, kuma an riga an tura ni bautar ƙasa can kudu, tafiyar ta matso. Na zo gidanka aka ce ka tafi Shinkafi sayen shanu. Na koma aka ce ba ka dawo ba. Ba ni da lokacin jira, shi ya sa na rubuta a fili, don sauran mahauta da masu sayen nama su ji. Zan bambanta abin da na gani da idona da abin da nake zato, don kada in ɗauki alhakin kowa.

Mahaifiyata ba ta da lafiya tun ƙarshen damina. Mun kai ta asibiti a Ƙaura, aka duba aka ce jininta ya yi ƙasa sosai. Aka ba ta magani, aka ce ta riƙa cin hanta duk lokacin da aka samu. Inna ba mai son hanta ba ce, da lallashi muka shawo kanta. Ni ke zuwa kasuwa, ƙanwata Balki ke dafawa.

Na farko, abin da ya faru. Ranar kasuwar da ta wuce na tsaya a teburin wani mahauci. Ba zan faɗi sunansa a nan ba, zan gaya wa Sarki baki da baki. Na ce masa hanta nake so, ta marar lafiya ce, na kuma tambaye shi ko yankan yau ce. Ya ɗaga ta da wuƙa ya ce, "Ga jini nan kana gani, mi kaka so in ce maka?" Lallai jini na ɗiga, sai na saya. Balki ta ce da ta wanke ta, launinta ya koma fari-fari, kuma ta yi laushi fiye da yadda ta saba gani, amma ta ɗauka irin saniyar ce. Inna ta ci da azahar. Kafin la'asar ta fara amai da gudawa, ta galabaita har muka ɗauki mota muka koma Ƙaura aka ƙara mata ruwa.

Ni ba likita ba ne, ba zan rantse cewa hantar ce kaɗai ta jawo ba. Abin da na tabbatar shi ne wannan. Washegari na koma, na tsaya daga nesa kafin in yi magana. Na ga mutumin ya ciro nama daga buhun da ke ƙarƙashin tebur, ya goga shi a kan sabon yanka har ya yi ja, sannan ya jera shi sama. Da na matsa na gaya masa halin da Inna ke ciki, bai musa cewa kwantai ya ba ni ba. Cewa ya yi, "Kai ɗan boko, nama kaz zo saye ko tuhuma? Wa ya ce maka na yau ne? Ni na ce?" Na kusa da shi suka yi dariya. Wani ya ce in kawo na'urar gwaji daga makarantarmu. Na juya na tafi, don mutumin sa'an mahaifina ne. Amma ko sannu bai ce a gaya wa Inna ba.

Na biyu, yadda aka kai ga haka. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin yadda kasuwar nan take a dā. Idan an kayar da sa, makaɗin fawa zai ɗauki kalangu, duk gari ya ji. Matan da ke cikin gida sun san kiɗan da ke nuna an yanka babbar dabba, sun kuma san ranar da aka yi shiru, wato abin da ke tebur na jiya ne. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, tsohon makaɗin ya rataye kalangunsa. Kada a fahimce ni a baibai, ba roƙo nake a dawo da kiɗa ba. Ina cikin waɗanda suka yi murna da Shari'a, har yau ina yi. Abin da nake cewa shi ne, kalangun nan yana ɗauke da labari, an cire shi, ba a sa komai a gurbinsa ba. Yanzu shaidar mai saye ɗaya ce, bakin mahauci. Idan mahaucin ya ƙi amsa tambaya kai tsaye, ya nuna maka jinin da shi ya shafa, ina mutum zai kama?

Kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Malamanmu kullum suna karantar da mu cewa ɓoye aibin kaya a ciniki haramun ne. An gyara mudun masu hatsi, kowa ya yaba. To teburin nama fa? Shin gyaran ya tsaya ne a bakin rumfar mahauta?

Na uku ƙarami ne, amma yana da ciwo. Wanda ya zo neman hanta zalla sai a ce masa ta ƙare, alhali an ajiye ta gefe don masu tsire da gidajen da aka sani. Idan an yarda a sayar, sai an haɗa masa da huhu da tumbi dole. Ban ce kada mahauci ya kula da abokan cinikinsa na kullum ba. Amma mai jinya da ya faɗi uzurinsa ya cancanci a saurare shi.

Ba ramuwa nake nema ba, ba na kuma son a kori kowa daga sana'ar ubansa. Na san babu wuta a garin nan balle injin sanyi, na san naman da ya kwana asara ce ga mai shi. Ga abin da nake roƙo. A ware kwantai gefe guda a kira shi da sunansa, wanda ya ga zai iya ya saya da saninsa, sauran a gasa shi tun da wuri. A hana goga tsohon nama a jikin sabo, Sarki ya faɗi haka da bakinsa a gaban mahauta duka. A samu wata alama da za ta maye aikin kalangu, ko mai shela ya zaga ya faɗi abin da aka yanka da wanda ya yanka, ko a ajiye kai da fatar dabbar ranar a gaban rumfa har a tashi. Sannan duk wanda aka tambaya ko na yau ne, ya amsa da i ko a'a.

Ranka ya daɗe, ga dalilin da ya sa hankalina ya ƙi kwanciya. Tun ranar nan Inna ta ƙi hanta, ko warinta ba ta son ji. Jiya da kyar Balki ta sa ta yi alkawarin za ta sake gwadawa sau ɗaya. Idan wannan karon ma aka cuce ta, ba mai sake shawo kanta, kuma jikinta ba shi da sauran jinin da za ta yi asara. Ni kuwa lokacin ina wata jiha mai nisa, sai dai labari ya iske ni.

Bayan tafiyata Baba ne zai riƙa zuwa kasuwa. Za ku gane shi, dogon tsoho mai sanda, yana tafiya a hankali yana bin gefen rumfuna. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma hazo-hazo yake gani da shi. Ba zai iya bambanta ja da fari a kan tebur ba. Zai yi sallama, ya tambaya ko na yau ne, duk abin da aka ce masa zai yarda, ya yi godiya, ya kai wa matarsa. Na bar muku shi amana.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da adalci, ya tsare dukiyarku daga asara, ya sa abin da kuke ci da iyalanku ya zama halal tsantsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu da naku sauƙi.

Wassalam.

Ɗanka,
Lawali Garba